Randa Tana Sanyaya Ruwa, Ba Ta Cire Guba

Duk matar da ta taɓa ɗebo ruwan rafi da damina a Wasagu ta san dabarar: a jefa ɗan alam, a bari laka ta kwanta a gindin bokiti, a tsiyaye a randa. Ruwa ya yi garau, hankali ya kwanta. To, akwai gubar da ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Yuraniyom na cikinta, kuma ƙoda yake ci a hankali.

A 2010 ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahoto kan yankin Arlit na Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971. Cikin samfurin ruwa 5 da aka auna, 4 sun zarce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a sha. A shekarar ce kuma gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, musamman a Anka da Bukkuyum, nan maƙwabtanmu. Dalma ba ta fitar da tururin nukiliya kamar yuraniyom, amma hanyar ɗaya ce: an tono abin da ƙasa ta binne, ya shiga gida da ruwa.

Gaskiya ne yumɓu, wanda ake gina randa da shi, yana kama irin waɗannan ƙarafa. Ƙwayoyinsa suna jan su kamar maganaɗisu, su riƙe. Akwai wani nau'insa, bentonait, wanda Finland ta zaɓa don lulluɓe sharar nukiliyarta a ƙarƙashin ƙasa. Sai dai wannan ɗanyen yumɓu ne da masana suka tantance. Randa kuwa an gasa ta, wuta ta kashe yawancin wannan ƙarfin. Kuma yumɓun da ya kama guba shi ma ya zama guba. Wanda ya watsar da shi bayan gida, ya mayar da ita rijiya.

Tafasawa ma ba ta raba ruwa da ƙarfe. Tururi ya tashi, ƙarfen ya ƙara kauri a tukunya.

Don haka kada a sha ruwan ramin haƙa, kada a shayar da dabba a can, kada a niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Unguwar da rijiyarta ke kusa da wurin haƙa, a je ta hannun mai unguwa da ƙaramar hukuma a nemi a auna ruwan. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da na'urorin gano irin waɗannan ƙarafa.