Wasiƙa Cikin Wasiƙa: Yadda Ofisoshin Abuja Ke Zama Ɗaki Guda

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, ma'aikatu da yawa ba su sami zama a gini guda ba. Hedkwata tana Sakateriya, wani sashe yana Garki, wani yana Wuse ko Maitama, amma ana bukatar kwamfutocinsu su yi aiki kamar a ɗaki ɗaya su ke.

Ba kowace ma'aikata za ta haƙa titi ta binne wayarta ba. Cikin 2006 gwamnati ta kafa kamfanin Galaxy Backbone domin ya haɗa ma'aikatunta a hanyar sadarwa guda. Bankuna kuwa su kan yi hayar hanya daga kamfanonin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ba lasin. Watau waya ɗaya ce, masu haya da yawa.

Don kada saƙon wannan ya shiga na wancan, cikin 1998 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fito da ƙa'idar liƙa wa kowane saƙo lamba. Lambobin 4,094 ne kawai, sa'an nan masu haya biyu su kan zaɓi iri ɗaya. Cikin 2005 aka ƙara dabara: kamfani ya ɗora tasa lambar bisa ta mai haya, kamar a sa ambulan cikin wani ambulan, ba a buɗewa sai a bakin ƙofar ɗaya ofishin.

Sauran matsala ita ce gaisuwar na'urori. Na'urorin rarraba saƙo su kan aika wa juna ƴan saƙonni kowace daƙiƙa 2, bisa tsarin STP wanda Radia Perlman ta ƙirƙiro a Amurka cikin 1985. Da wannan gaisuwa su ke gane inda hanya ta yi zobe, su toshe gefe guda. Amma adireshin da ke jikinta iri ɗaya ne ko'ina, saboda haka na'urar kamfani ta kan ɗauka tata ce, ta karɓa ko ta zubar. In ofisoshi biyu na haɗe ta hanya biyu, gaisuwa kuma ba ta ƙetarewa, sai saƙo ya yi ta kewaya yana haihuwa har hanya ta cushe.

Maganin da kamfanin Cisco ya yaɗa shi ne a sake wa gaisuwar adireshi a mashiga, na'urorin tsakiya su ɗauke ta kamar kaya, a mayar mata da na asali a mafita. Injiniyoyi na kiran wannan haƙa rami.

Abin ba wasa ba ne. Cikin Nuwamba 2002 tsarin STP ya rikice a asibitin Beth Israel Deaconess na Boston, likitoci suka koma takarda da alƙalami wajen kwana 4.

Ya kamata duk hukumar da za ta yi hayar hanya ta tambayi abu biyu kafin ta sa hannu: ko gaisuwar na'urorinta za ta ƙetare, kuma ko an faɗaɗa hanya, domin kowace lamba tana ƙara wa saƙo bait 4, wanda ya wuce ma'auni kuwa zubar da shi a ke yi.