Shin rana da sauyin yanayi na iya haddasa girgizar ƙasa?

A Gwallameji, unguwar ɗalibai da ke maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a kan hanyar Dass a birnin Bauchi, zafin bazara kan kai maki 40 a ma'aunin Selshiyas. Idan damina ta kankama kuma, bangon wasu gidaje kan tsage. Shi ya sa ba a rasa masu gaskatawa duk lokacin da saƙo ya bazu a WhatsApp cewa tsananin rana ko sauyin yanayi ne ke janyo girgizar ƙasa, kamar wadda ta kashe mutum fiye da 50,000 a Turkiyya da Siriya a ranar 6 ga Fabrairu, 2023.

Asalin girgizar ƙasa daga can ƙarƙashi yake. Ɓawon duniya ya rarrabu zuwa wasu manya-manyan falalen dutse da ke tafiyar santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin yadda farce ke tsiro. Zafin cikin duniya da nauyin falalen su kansu ne ke tafiyar da su. Inda biyu suka cije, matsi kan yi ta taruwa na tsawon ɗaruruwan shekaru, har ranar da dutsen zai suɓuce a kan wata tsaga. Wannan suɓucewar kan auku ne a zurfin kilomitoci, wani lokaci har 700.

Zafin rana bai isa can ba. Bambancin zafin dare da rana ba ya wuce mita ɗaya a cikin ƙasa, na bazara da hunturu kuwa yakan ɓace kafin mita 20. Guguwar da rana ke fesowa, wadda ƙarfinta ke hawa da sauka kusan duk shekara 11, tana da nata ta'adin: a watan Maris na 1989 ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na sa'o'i tara. Sai dai layukan lantarki da taurarin ɗan'adam take bugu. Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka ta bayyana cewa ba a taɓa tabbatar da cewa irin wannan guguwa na haddasa girgizar ƙasa ba.

Batun ruwa ne ke da ƙamshin gaskiya, domin ruwa na da nauyi, kuma yana ratsa tsagar dutse. A tsaunukan Himalaya, masana sun lura cewa ƙananan girgiza sun fi yawa da rani, saboda nauyin ruwan damina a filayen Indiya kan ɗan danne tsagar da ke ƙasa, ya sake ta idan ya janye. A Suwidin da Finlan, har gobe ƙasa na tasowa da kusan santimita ɗaya a shekara a wasu wurare, tun bayan narkewar ƙanƙarar da ta danne ta shekaru dubbai da suka wuce. Misali mafi muni shi ne na madatsar ruwa ta Koyna a Indiya, inda girgiza mai ƙarfin maki 6.3 ta kashe mutum kusan 180 a 1967, 'yan shekaru bayan an fara tara ruwa a cikinta. A duk waɗannan, ruwan bai ƙirƙiri matsin ba. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama: tsagar da ma tana gab da suɓucewa, ruwa ya gaggauta ranar.

Najeriya na zaune ne a tsakiyar falalen Afirka, nesa da bakin da ake gogayya, kuma birnin Bauchi na kan tsohon dutse mai tauri, wanda har wani nau'insa ya ci sunan garin a littattafan ilimin duwatsu. Tsagewar bango a Gwallameji ta fi alaƙa da raunin harsashin gini, da rashin magudanar ruwa, da ƙasar da ke kumbura da damina ta tsuke da rani.

Wannan ba ya nufin ƙasar nan ba ta motsi. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna a watan Satumba na 2016, sannan a Mpape da ke Abuja a watan Satumba na 2018. Bibiyar irin wannan motsi na cikin aikin cibiyar nazarin siffa da motsin ƙasa da ke Toro a nan Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Bayan abin da ya faru a Mpape, abubuwan da aka fi nuna wa yatsa a matsayin masu iya tsokanar tsagar su ne fasa duwatsu da nakiya da yawan haƙar rijiyoyin burtsatse, har Hukumar Babban Birnin Tarayya ta dakatar da ayyukan biyu na wani lokaci a yankin.