Titin da ke kai mota inda itace ba ya tsirowa

A jihar Kolorado ta Amurka akwai wani titin kwalta da ke shafe fiye da rabin shekara a rufe. Dusar ƙanƙara ce ke binne shi, sai wajen ƙarshen watan Mayu ake gama tone shi, a sake rufewa wajen tsakiyar Oktoba. Sunansa Trail Ridge, tsawonsa kilomita 77, kuma ya ratsa Gandun Dajin Tsaunukan Rocky daga garin Estes Park a gabas zuwa Grand Lake a yamma. An kafa gandun a 1915, titin kuwa aka fara bin sa a 1932.

Ƙololuwar titin tana mita 3,713 sama da teku. Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, kuma da ƙafa ake hawan sa. A nan kuwa mutum na kishingiɗe a kujerar mota, cikin kamar sa'a guda zai ɗara wancan tsawo da fiye da mita 1,000.

Sauƙin nan shi ne tarkon. Mota tana hawa da saurin da jiki bai isa ya saba ba. Wanda ya kwana a Denver, ya yi sammako, ya fito daga mota a cibiyar baƙi ta Alpine mai tsawon mita 3,595, yakan ji haki bayan 'yan taku kaɗan, wani har da ciwon kai da jiri. Shan ruwa da tafiya a hankali suna taimakawa, amma idan abin ya tsananta, maganinsa sauka. Sanyin wurin ma yakan shammaci baƙo, domin ko a watan Yuli sai da rigar sanyi.

Wajen mita 3,500 itatuwa suke gajarcewa, su karkace saboda iska, sannan su ƙare ƙaf. Daga nan titin yana tafiyar kusan kilomita 18 a fili fetal, ba inuwa, sai ƙananan furanni manne da ƙasa. A ganina nan ne ya cancanci a kashe mota a daɗe. Tsirran suna girma a hankali ƙwarai, inda aka tattake yakan ɗauki shekaru masu yawa bai farfaɗo ba, shi ya sa ake roƙon baƙi kada su kauce wa turba. Manyan barewar da ake kira elk suna kiwo a gefen titi, kuma doka ta hana ba su abinci.

Agogon tafiyar yana hannun hadari. A lokacin zafi yakan haɗo da rana tsaka ko bayan azahar, kuma a filin da babu itace, mutumin da ke tsaye shi ne abin da tsawa ta fi kusa da shi. Saboda haka masu hikima suke gama yawon saman tun da hantsi. A cika tanki tukuna, don babu gidan mai a cikin gandun, a kuma duba ka'idar shiga ta intanet, domin tun 2020 aka fara ware wa motoci lokacin shiga a watannin cunkoso.

A gangaren yamma akwai mashigin Milner. Ruwan da ya sauka gabas da shi yana nufar tekun Atilantika, na yamma kuwa yana bin kogin Kolorado, wanda a cikin gandun nan yake farawa a matsayin ɗan rafi.