3.4 Dashen Lemun Tanjarin da Kula da Shi a Gida

Asalin tanjarin daga ƙasar Sin da kudu maso gabashin Asiya yake, sunansa kuwa ya samo shi ne daga birnin Tanja na ƙasar Maroko. Masu lambu sun fi son aurarren dashe a kan na iri, domin aurarre yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, alhali na iri yakan daɗe ƙwarai kafin ya fara.

A ƙasar Hausa ana yin dashen ne da faɗuwar damina, wajen watan Yuni, a rami mai zurfin kimanin santimita 60, bayan an cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. A nan ne akasari ake yin kuskure. Idan aka binne gaɓar auren, ko aka bar ruwa yana kwanciya a gindi, sai ɓawon ya ruɓe, ƙaro ya riƙa tsattsafowa, bishiyar da aka yi shekaru ana wahala a kanta ta bushe. Saboda haka ake yin kwarin ban-ruwa nesa kaɗan da gindin. Haka kuma duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar cire shi ake yi, domin na tushen da aka ɗora auren a kansa ne, in aka ƙyale shi yakan danne tanjarin ɗin.

Da rani ban-ruwa ya zama dole, tare da tsaron gara da awaki. Wani abin lura shi ne, a wuri mai zafi tanjarin yakan nuna ɓawonsa na nan kore, don haka ɗanɗanawa ake yi kafin a tsinka.