Tsohon Tushe Ko Sabo: Yadda Muka Zaɓi Kayan Kwamfutar Wasa

 A hutun da ya wuce ni da yayana muka shiga wata matsala wadda na ga ya kamata in ba ku labarinta, ko Allah ya sa wani ya ƙaru. Shekara biyu muka yi muna tara kuɗi, shi daga ɗinkin da ya ke yi, ni kuwa daga kajin da Inna ke kiwata mini, don mu harhaɗa kwamfutar wasanni da karatu. Baba ya yarda zai cika mana, amma ya ce, "In kuka sayo abin banza, kada wanda ya sake zo mini da zancen." To, sai ga hanya biyu a gabanmu, tsohon tushe mai sauƙin kuɗi da sabo mai tsada.

Da farko bari in bayyana abin da na ke nufi da tushe. Abubuwa uku ne da ba su rabuwa. Na ɗaya furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Na biyu madabod, faffaɗan allon da a ke dasa sauran kaya a kansa. Na uku ram, inda kwamfuta ke shimfiɗa aikin da ta ke kai, kamar yadda ɗalibi ke baje littattafansa a kan tebur. A jikin madabod akwai mazaunin furosesa, kuma kowace furosesa da irin mazauninta, ba ta shiga na wata.

Kamfanin AMD ya fito da mazaunin da a ke kira AM4 a 2016, sa'an nan ya kawo AM5 a 2022. Furosesar AM4 tana da 'yan ƙafafu sirara kamar allura guda 1331 a ƙarƙashinta. A AM5 kuwa alluran 1718 ne, kuma cikin mazaunin su ke. AM4 da ram irin DDR4 ya ke aiki, AM5 kuwa ba ya karɓar kome sai DDR5. Saboda haka wanda ya zaɓi sabon tushe, abu uku zai saya a kan sabon farashi.

Mun gwada furosesa biyu, Ryzen 5 5600 ta 2022 a tsohon tushe, da Ryzen 5 7600 ta 2023 a sabo. Kowace tana da sassa shida masu aiki lokaci guda, kuma kowace an rubuta mata wat 65. Babu shakka sabuwar ta fi sauri. Yaya yana ganin haka ya ce, "Kai, araha ba ta ado. Sabuwar za mu saya."

Ni dai sai na tuna da bayanin da malaminmu na kwamfuta ya yi mini kafin hutu. Na ce masa, "Malam, wane abu ne ya fi shan wahala idan ana wasa?" Ya ce katin hoto ne. Furosesa ita ke tsara abin da zai faru, katin hoto kuwa shi ke zana shi, kuma don wasa ya tafi sumul ana so ya zana hoto 60 a kowace daƙiƙa. Ya kawo mini misali da ɗakin cin abincinmu: kome saurin mai rabo, in tuwo bai nuna ba layi ba ya motsi. Haka furosesa mai sauri za ta zauna jiran katin hoto mai rauni. Watau kuɗin da ya yi saura daga tsohon tushe, in aka zuba shi a katin hoto mai kyau, ya kan fi amfani a yawancin wasanni.

Amma fa shi ma Yaya yana da hujja. A 2024 AMD ya yi alkawarin ci gaba da kula da AM5 har 2027 ko fiye. Wanda ke da shi zai iya canza furosesa kaɗai nan gaba, ya bar madabod da ram yadda su ke. AM4 kuwa ya zo ƙarshen hanyarsa. Gwarzuwarsa a fagen wasa ita ce Ryzen 7 5800X3D ta 2022, ba a kuwa sa ran wadda za ta fi ta. Har ila yau akwai wasannin da mutane da yawa ke karawa ta intanet, waɗanda su kan jingina da furosesa ƙwarai. Sa'an nan a ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo, tsohon da sabon duka, domin manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe kayan da masana'antu ke yi. Don haka kada a dogara da farashin da aka ji bara, a tambayi na ranar.

Mai sayen tsohon tushe, musamman na hannu, ya kula da abu uku. Ya ɗaga furosesa a haske ya duba ƙafafunta, don in ɗaya ta lanƙwashe tana iya ƙin tashi. Na biyu, madabod irin B450 na 2018 ya kan buƙaci a sabunta masa BIOS, watau ɗan shirin da ke tayar da kwamfuta, kafin ya gane Ryzen 5 5600. In aka ɗauke wuta ana cikin wannan aiki madabod yana iya lalacewa, mu kuwa mun san halin wutarmu, saboda haka a sa mai kanti ya yi a kan batir. Na uku, ita 5600 ba ta nuna hoto sam sai da katin hoto, alhali 7600 tana da ɗan nata a ciki. A kunna kome a gaban mai kaya kafin a miƙa kuɗi.

Daga ƙarshe muka zauna da takarda muka rubuta lissafi biyu. Da sabon tushe, abin da ya rage bai isa katin kirki ba. Da tsohon kuwa muka sami 5600, da madabod B550, da ram gigabait 16, da katin hoto mai dama. Yaya ya yi shiru, can ya ce, "To, da tsohuwar zuma a ke magani." Muka kai wa Baba takardar, ya karanta sau biyu, ya ƙirgo kuɗin ya ba Yaya.

Shawarata ita ce, a fara ware kuɗin katin hoto. In abin da ya rage ya isa sabon tushe, a saye shi, don ya fi tsawon rai. In bai isa ba, tsohon ba abin kunya ba ne. Iyaye kuma, in ɗa ya zo da irin wannan roƙo, ku ce ya kawo lissafi biyu a rubuce. Tamu kwamfutar tana ɗakin Yaya, Baba ya ce ba zan taɓa ta ba sai ya ga sakamakon wannan zango. Allah ya ba mu sa'a, amin.