Faɗuwa ake fara koya wa ɗan kokawa

Wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp kwanakin nan, daga zauren iyayen yara zuwa na matasan unguwa masu atisayen kokawa da judo. Mai shi bai sa suna ba. Ya dai kira kansa tsohon koci, ya jero abin da ya ce sirrin horar da yaro ne. Ba duka ne ƙarya ba, shi ya sa ma mutanen kirki suke tura wa juna shi da zuciya ɗaya.

Ya ce a fara da tsayuwa da riƙo kafin dabarun kayarwa. Haka yake. Ya ce a haɗa yaro da sa'ansa a nauyi da shekaru, wannan ma gaskiya ne. Zancen da ya yi na ba wa yaro ɗanyen ƙwai kuwa ba shi da tushe, domin jiki ya fi cin moriyar dafaffe, ga shi ɗanyen kan jawo ciwon ciki. Samun baƙar ɗamarar judo a wata uku ma zance ne na mai neman kuɗin iyaye, abu ne na shekaru. Kuma saɓanin abin da ya ce, kokawa ba ta tsumburar da yaro, tsawo na bin gado da abinci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batu na ƙarshe. Saƙon ya ce koya wa yaro faɗuwa koya masa shan kaye ne, don haka a riƙa nana sabon shiga da ƙasa tun ranar farko har kai da wuya su taurare. Ya ƙara da cewa in ya bugu ya tashi yana jiri, a kwara masa ruwa a mayar da shi fili, kada tsoro ya shige shi. Wanda ya rubuta wannan ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuwa bai damu da 'ya'yan mutane ba.

Na san dalilin da maganar take shiga. A wajenmu kaye abin kunya ne. Tun da aka fara gasar takobi ta Nijar a Tahoua a 1975, wanda ake yi wa kirari shi ne wanda bayansa bai taɓa yashi ba. Uban da ya ga ana koya wa ɗansa birgima zai ji kamar ana kashe masa zuciya. Amma gwanayen da muke kallo ƙarti ne da suka shekara suna faɗuwa a kan yashi mai laushi tun suna ƙanana. Yaranmu na birni kuwa a farfajiyar makaranta suke kamawa, a kan busasshiyar ƙasa, wani lokaci ma a kan siminti.

Kai ba ya taurara da bugu. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. In ƙeya ta daki ƙasa, ko kai ya fizgu da ƙarfi, sai ta girgiza, ƙananan jijiyoyin jinin da ke samanta su iya tsinkewa. Jinin ya riƙa taruwa a hankali yana danne ta. Abin tsoron shi ne yaro zai iya miƙewa, ya yi magana, ya yi dariya, sai bayan sa'o'i ya fara amai, barci ya rinjaye shi. Ruwan da aka kwara masa bai taɓa abin da ke faruwa a ciki ba. In kuma aka mayar da shi fili ya sake buguwa kafin na farko ya warke, haɗarin ya fi na farkon.

Wannan ba hasashe ba ne. A Japan, inda aka haifi judo, wani malamin Jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya bi bayanan makarantu, ya gano ɗalibai sama da 100 sun mutu a judon makaranta daga 1983 zuwa 2011. Raunin kai ne ya fi kashe su, kuma 'yan shekarar farko ne suka fi yawa, wato waɗanda ba su gama iya faɗuwa ba aka fara jefa su. Kayarwar da ta fi fitowa a bayanan ita ce osoto-gari, wadda ake share ƙafar mutum ta waje ya tafi ta baya. A kan katifa fa ke nan. Da aka farga aka tsaurara horon sababbin shiga, mace-macen suka ragu ƙwarai.

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a batun wuya. Wuya mai ƙarfi yana taimaka wa mutum ya riƙe kansa lokacin faɗuwa. Amma da atisaye a hankali ake samun wannan, ba da nana kai a ƙasa ba, kuma ba ya mayar da ƙwaƙwalwa abin da bugu ba ya yi wa illa.

Da rarrafe yaro ke tashi. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882, ya gina koyarwarsa hawa-hawa. Jerin kayarwa na makarantar, wanda aka yi a 1895 aka gyara a 1920, guda 40 ne a rukuni biyar, kuma na farkonsu taɗiya ce ta ƙasa-ƙasa. Kafin wannan ma akwai ukemi, wato faɗuwa. Sabon yaro yakan kwanta rigingine, ya manna haɓa a ƙirji yana kallon ƙullin ɗamararsa, ya daki katifa da dukan tsawon hannu. In ya iya, ya yi daga zaune, sannan daga tsugune, sannan daga tsaye, ta baya da ta gefe da ta gaba. Ana hana shi tokare ƙasa da tafin hannu, domin nan ne wuyan hannu da gwiwar hannu suke karyewa. Mai kayarwa shi ma da nasa darasin: ba ya sakin hannun rigar abokinsa, yana ɗan ja sama don kan ya tsira. Sai an ga haɓar yaro tana komawa ƙirji ba tare da an tuna masa ba, sannan a bar shi ya kama da wani da gaske. Yaron da ya san ƙasa ba za ta ji masa ciwo ba shi ne yake shiga kamu gaba gaɗi.

Duk yaron da ya bugu a kai har ya ji jiri, ko ya ruɗe, ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ya gama na ranar, kuma ba zai koma ba sai likita ya duba shi. In ciwon kai yana ƙaruwa, ko yana amai, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ko gefe guda na jikinsa ya saki, ko yana jijjiga, a tafi asibiti nan take. In ya ce wuyansa na ciwo kuma hannu ko ƙafa sun mutu, kada a ɗaga shi, kada a ja wuyan da sunan gyara.

Iyaye, ku je filin da kanku. Ku dubi abin da ake faɗuwa a kai, ku tambayi koci abin da yake koyarwa a watan farko. In ya ce faɗuwa, ku bar masa yaron. In ya yi muku zancen taurin kai, ku kama hannun ɗanku ku koma gida. Wanda kuma ya riga ya tura saƙon nan, ya koma zauren da ya tura shi ya gyara, domin akwai matashin da zai karanta ya gwada a kan ƙaninsa gobe da yamma.