Bin Sawun Yoyon Ruwa a Cikin Mota

Idan damina ta zauna a kudancin Jihar Katsina, musamman a watan Agusta da sama kan wuni tana zuba, duk wanda ya saba shiga motocin haya da ke kai da komo tsakanin Ƙanƙara da Sheme da Faskari, ko masu ɗauko hatsi daga Sabuwa zuwa Ɗandume da Funtuwa, ya san wata wahala wadda ba a cika kai ƙararta ba, wato ruwa ya riƙa ɗiga a kan fasinja alhali kuwa tagogi da ƙofofi duk a rufe suke. Direba yakan ɗaga kai ya dubi inda ɗigon yake, ya sa yaron mota ya shafa gam ko ya cusa leda, kashegari kuma ruwa ya komo kamar ba a yi kome ba. Sababin haka guda ne: ba safai ruwa ke faɗowa daga inda ya shiga ba.

Bayanin al'amarin shi ne, rufin mota hawa biyu ne, ƙarfe daga waje, shimfiɗa daga ciki, a tsakaninsu kuma akwai haƙarƙarin ƙarfe da ke riƙe da su. To ɗigon da ya sami ƙofa ta ramin kusar kariyar ɗora kaya, ko ta inda walda ta tsage, yakan bi haƙarƙarin nan a ɓoye, ya gangara ta ginshiƙin ƙofa, sai ya yi tafiyar kamu biyu ko uku kana ya bayyana. Bugu da ƙari, Allah ya halicci ruwa da ɗabi'ar manne wa abin da ya taɓa, har yakan hau sama idan kafa ta yi ƙunci ƙwarai, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Saboda haka tsagar da ido ba ya gani tsakanin gilashi da robarsa ta isa ta jiƙe kujera. Akwai kuma yoyon da ba ya tashi sai mota tana gudu, domin iska ce ke tura ruwan ciki.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa laifi. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da bushewar hunturu, su ke ƙone robar gilashi har ta taurare ta tsattsage. Ƙura kuwa ta toshe 'yan ramukan da maƙera mota suka bari a gindin ƙofofi da ƙarƙashin gilashin gaba domin ruwa ya fice. Sa'an nan ga lodin da ya wuce kima a bisa kariya, ga ramukan hanya suna murɗa jikin motar da galibi ta riga ta tsufa a Turai kafin ta iso mana.

Wajibi na farko a kan mai bincike shi ne ya tabbatar ko wane irin ruwa ne. Ɗalibin da ya karanta babin tsarki a Ahalari ko Ishmawi ya san ana hukunta ruwa da launinsa da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa. A nan dai biyun farko sun wadatar, kada a kuskura a ɗanɗana, gama maganin da ake zubawa a lagireto guba ne. In ruwan yana da launi kore ko ja-ja, da santsi da wari mai zaƙi-zaƙi, daga injin yake. In garau yake, kuma ƙafar mai zaman gaba kaɗai yake jiƙawa ko da rana ake ƙwallawa, to bututun da ke fitar da gumin na'urar sanyaya mota ne ya toshe. Sai an kore waɗannan biyu za a ɗora wa ruwan sama laifi bisa yaƙini.

Daga nan aikin na mutum biyu ne, kuma haƙuri ne jarinsa. A shanya motar ta bushe sarai, a ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta rufi gwargwadon iko, a barbaɗa garin alli a wuraren da ake zato domin ɗigon ya bar sawu. Ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya tsaya waje da buta, ya fara zubawa a hankali daga ƙasa, gindin ƙofa tukuna, sa'an nan taga, sa'an nan gilashi, rufi ya zama na ƙarshe, yana dakatawa 'yan mintoci a kowane wuri. Hikimar wannan jeri a fili take, domin wanda ya fara kwara bokiti a bisa rufi ya jiƙa kome gaba ɗaya, ya kuwa ɓata hujjarsa da hannunsa. A ganina nan ne mafi yawan masu gyara ke tuntuɓe, ba don ƙarancin sani ba, sai don mai mota na tsaye a kansu yana ƙagarar komawa tasha.

A Amurka da Ingila, inda ake da motocin da aka mayar gida, da gado da murhu da makewayi a ciki, irin waɗanda kamfanin Winnebago ya fara ƙerawa a 1966, wannan bincike ya zama sana'a mai zaman kanta, saboda bangon motar akwai katako a cikinsa, katako kuwa yakan soma ruɓewa idan danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100. Masu wannan sana'a suna da na'urar auna danshi, kuma da yake motar na ɗauke da tankinta da famfonta, in aka rufe kowane famfo amma injin tura ruwa ya riƙa tashi da kansa, sun san ɓarakar a bututu take, ba a rufi ba.

Mu a nan abin da ke cikin haɗari ya fi katako daraja. Buhun masara ko na gyaɗa da ya jiƙe a hanya yakan yi fumfuna, wata fumfunar kuma tana haifar da dafi mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi. Malaman Malikiyya kuwa sun tsananta lamuni a kan mai dakon abinci fiye da mai dakon sauran kaya. Ga kuma tsatsa tana cin daɓen mota a ƙarƙashin ƙafafun fasinja, ga wayoyin wuta suna haɗuwa. In an gano ƙofar da ruwan ke shiga, a kankare tsohon gam da tsatsa har ƙarfe ya fito fes, a bari ya bushe, a shafa fenti, kana a sa sabon gam ko a sake robar ɗungurungum, sa'an nan a maimaita gwajin buta tun daga ƙasa, domin tsohuwar mota ba ta cika tsayawa a kafa ɗaya ba.